Filin Tambayi Anti Malama: Ɗan firamare da bincike, ta ina za a kama?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru min wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suke, wato salon koyarwar nan da ake yayi na a bar yaro ya yi tambaya ya nemo amsa da kansa, shi ya sa na tsinci guda biyar na haɗa su waje ɗaya. Masu tambaya kan ƙarin kuɗin makaranta na ga saƙonku, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, ya gida ya yara. Ni malamar aji huɗu ce a wata firamaren gwamnati, an kai mu bita aka ce daga yanzu a rage rubuta not a allo yara suna kwafa, wai a bar su su yi bincike su gano abu da kansu. Anti yarana sun haura tamanin, rabi a ƙasa suke zama, ba laburare ba ɗakin gwaji ba wuta, alli ma wani lokacin da kuɗina nake saya. Na gwada na kasa su rukuni-rukuni na ce su binciko yadda tsiro yake girma, wallahi ajin kasuwa ya koma har hedimasta ya leƙo yana tambaya ko ba malami a ciki. Dan Allah abin nan zai yiwu a irin makarantunmu ko dai na 'ya'yan masu kuɗi ne?
Daga wata malama a Gusau

AMSA: Ƙanwata sannu da fama, Allah ya saka miki. Zai yiwu mana, kuma abin da ya faru a ajinki masu bitar ne suka jawo, sun faɗa muku rabin magana sun tattara takardunsu sun tafi. Ki duba tambayar da kika ba yaran, yadda tsiro yake girma, wannan ko ɗan jami'a kika ba sai ya yi shekara yana kanta, toh ɗan shekara tara ta ina zai kama? Bai san me ake so ya yi da hannunsa ba ga abokai a gefe, ai dole a ɓalle da hira. Tambayar da yaro zai iya bi 'yar ƙarama ce, wadda za a amsa ta da abin da ke cikin harabar makaranta kafin a tashi, in ta yi nisa cikin sati ɗaya.

Bari in ba ki wadda na fi so don ba ta cin kuɗi. Ki samo tulun ƙasa ɗaya wanda an riga an saba zuba masa ruwa, da gorar roba biyu iri ɗaya, da tsumma. Da safe ki dire su a gaban aji ki ce, a gidanku ruwan randa da na jarka wanne ya fi sanyi? Duk za su ce randa. Sai ki ce me ya sa? Nan fa za ki sha labari, wani zai ce ai ƙasa dama sanyi gare ta, wata ta ce don a lungu ake ajiye randa jarka kuma a tsakar gida, wani ya ce don kakarsa tana turara tata, ki rubuta duk a allo kowanne da sunan mai shi, kar ki ce wa kowa ƙarya ne kar kuma ki nuna wadda kika fi so ko da a fuska. Sannan ki ce toh ya za mu yi mu gane mai gaskiya? Ki ja su da tambaya har su kai ga cewa dole ruwan ya fito daga bokiti ɗaya, a zuba a lokaci ɗaya, a ajiye duka ukun a inuwa ɗaya inda iska take bi, in ba haka ba mai maganar lungu za ta ce an cuce ta. Gora ɗaya a bar ta haka nan, ɗayar a naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma a sa yaro ɗaya ya riƙa yayyafa masa ruwa in ya fara bushewa, tulu kuma a rufe bakinsa. Shikenan ki ci gaba da lissafinki da Turancinki kamar ba abin da ake jira.

Bayan an dawo tara, ko dab da tashi, ki kira yara uku ki ɗaure musu ido da ɗankwali, a zuba musu ruwan a bayan hannu ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun san wanne ne wanne ba, kowa ya faɗi wanda ya fi sanyi a rubuta. Ɗaure idon nan kar ki raina shi, don in suna gani duk tulu za su ce tunda shi suka riga suka zaɓa, kuma yaro ya fahimci cewa mutum yana iya yaudarar kansa ba ƙaramin karatu ba ne. In kina da ma'aunin zafi ya yi kyau amma na asibiti ba zai yi miki ba, an yi shi ne don zafin jikin mutum ba ya sauka ya karanta ruwan sanyi. Abin da za ku tarar shi ne gorar da aka naɗe ta fi 'yar'uwarta sanyi alhali duk roba ne, kinga maganar wai ƙasa ce kawai mai sanyi ta fara rawa. Ki ce su taɓa jikin tulun, za su ji da damshi, wani zai ce laa Malama zufa yake yi.

Toh a nan ne ke za ki karɓi magana, kuma nan ne rabin da masu bita suka cinye. Ki tsaya ki yi bayani tiryan-tiryan, jikin tulu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta nan iska ta busar da shi, shi kuma ruwa duk lokacin da zai bushe ya bi iska sai ya ɗebi zafi daga abin da yake manne da shi, zafin ruwan cikin tulun kenan yake tafiya da shi, haka tsumman ya yi wa gora haka zufa take yi wa jikinmu. Ki rubuta not ɗinki layi biyar ko shida su kwafa, ba wanda ya haramta not. Ki kuma ba su labarin marigayi Mohammed Bah Abba, malami ne a Jigawa da ya ɗauki wannan ilimin ya sa ƙaramar tukunya cikin babba ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, sai ga kayan miya da suke lalacewa a kwana uku suna yin makonni, ya raba dubban tukwanen a ƙauyuka har ya ci lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. Ki bar su da tambayar da za su kwana da ita, wannan dabarar a watan Afrilu za ta fi aiki ko a Agusta da ake tsuga ruwa iska duk ta jiƙe?

Na dage kan bayanin malami ne don an yi nazari a kai. A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun fitar da wani rubutu da ya tayar da ƙura sosai, suka ce sakin sabon ɗalibi ya gano abu da kansa ba tare da jagora mai ƙarfi ba asara ce, saboda ƙwaƙwalwa abu kaɗan take iya riƙewa lokaci guda in abin baƙo ne a gare ta. Jarrabawar PISA ta 2015 ma, wadda aka yi wa 'yan shekara 15 wajen 540,000 a ƙasashe da yankuna 72, ta nuna ɗaliban da suka ce malaminsu yana tsayawa ya yi musu bayani sun fi cin maki a kimiyya kan waɗanda suka ce kullum cikin gwaje-gwaje suke, sai dai an ga yawan gwaje-gwajen ma yana tafiya tare da sha'awar yin aikin kimiyya in sun girma. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne a haɗa biyun, linzami kuma yana hannun malami.

Maganar yawan yara kuwa, zangon farko kar ki kasa su ko'ina, gwaji ɗaya a gaban aji kowa yana kallo ke kina kiran masu taɓawa. Sai sun saba da tsarin, mu yi hasashe mu gwada mu rubuta abin da muka gani, sannan ki yi rukuni kuma kowane rukuni ki naɗa mai rubutu da mai awo da mai kula da kaya da wanda zai tashi ya faɗa wa aji, yaron da ya fi kowa fitina shi za ki ba kula da kaya ki ga ikon Allah. Sau ɗaya a sati biyu ya isa. Abu na ƙarshe kuma kyauta ne, wata malama a Amurka mai suna Mary Budd Rowe ta naɗi muryoyin azuzuwa da yawa a farkon shekarun 1970 ta gano malami in ya yi tambaya kusan daƙiƙa ɗaya kawai yake jira kafin ya amsa da kansa ko ya nuna wani, da aka sa malamai su riƙa jira daƙiƙa uku sai amsoshin yara suka ƙara tsawo kuma masu shiru-shirun nan na bayan aji suka fara ɗaga hannu. Ki gwada ƙirga uku a zuciyarki gobe, za ki ji ta yi miki tsawo kamar me.

TAMBAYA: Malama ina gaisuwa. 'Yata tana aji biyar a makarantar kuɗi, duk zango sai an ba su wai furojet, wancan karon tarihin Kano ne, yayanta ya kai ta kafe aka buɗe Google aka firinto shafi goma aka sa bango mai kyau ta kai ta ci tara cikin goma, da na tambaye ta wane ne Bagauda sai ta tsaya tana kallona. Yanzu ma an daina zuwa kafen, Meta AI na WhatsApp ɗin uwarta ne yake rubuta mata. Na yi magana a makarantar an ce min ai dabarun bincike ake koya musu. Ni dai ban gane ba, ko ni ne na zama ɗan da?
Daga wani uba a cikin birnin Kano

AMSA: Malam ba ka zama ɗan da ba, mai kafe ne ya ci tara cikin goman nan. Amma tunda canza makaranta ba abu ne mai sauƙi ba ga abin da za ka iya yi a gida. Tarihin Kano gaba ɗaya ya fi ƙarfin 'yar aji biyar, daga Bagauda da ake lissafin ya hau mulki a 999 zuwa yau ai shekara dubu ce da ɗoriya, ka rage mata shi ya koma tambaya ɗaya, me ya sa ake kiran unguwarmu da wannan sunan kuma su wa suka fara zama a cikinta? Ku da kuke cikin birni kun ma yi sa'a, sunayen unguwanninku da kansu suna ba da labari, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi inda Yarabawa suka zauna tun da daɗewa, Soron Ɗinki, Dukawa, kowanne akwai mutane ko sana'a a bayansa. Ta zauna ta rubuta tambaya biyar da hannunta, kai ko yayan ya raka ta wajen wani dattijo ko wata tsohuwa a unguwar, ta durƙusa ta gaishe su yadda ya kamata ta nemi izini kafin a kunna rikodin a waya, ta yi tambayoyinta ta rubuta abin da ta ji. Sannan wata rana a je wajen mutum na biyu wanda ba gidansu ɗaya da na farkon ba a maimaita tambayoyin nan dai.

Kusan ko yaushe labarin biyu sai ya saɓa, wannan ya ce maƙera ne suka fara zama wancan ya ce a'a wani malami ne ya zo daga gabas, yarinya za ta dawo ranta a ɓace ta ce Baba wani ya yi min ƙarya, toh wannan wajen shi nake so a iso don daga nan karatun yake farawa. Ka koya mata tambaya uku da za ta riƙa yi wa kowane labari, wa ya faɗa, gani ya yi ko ji ya yi, akwai wani daban da ya faɗi haka? Watakila na farkon daga kakansa ya ji wanda aka haifa a unguwar, na biyun kuma a rediyo ya ji. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, duk yaron da yake zuwa Islamiyya ya saba jin an karɓo daga wane, daga wane, malaman hadisi ba su yarda da magana sai sun bi mutanen da suka ɗauko ta ɗaya bayan ɗaya, Abdullahi ɗan Mubarak cewa ya yi isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Aya ta 6 a suratul Hujurati ma umarni ta yi a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Abin mamaki muna da wannan a hannu amma mu ne kan gaba wajen tura saƙon WhatsApp da ba mu san tushensa ba.

Shi kuma Meta AI kar ka hana ta, ka mayar da shi mutum na uku da za a yi wa tambaya. Bayan ta gama da dattawan sai ta tambaye shi asalin sunan unguwar, zai ba ta amsa a tsare cikin gadara ko ya sani ko bai sani ba, irin waɗannan manhajojin suna iya ƙirƙiro abin da babu shi musamman kan ƙananan wurare da ba a yi rubutu sosai a kansu ba, sai ta yi masa tambayoyin nan uku ta gani ko zai iya nuna inda ya samo. In da hali ranar Asabar ku leƙa Gidan Makama ta ga kayan tarihi da idonta, ku bi ta kasuwar Kurmi ka gaya mata tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A ƙarshe ta rubuta shafi ɗaya tak da hannunta, wane ya ce kaza wance ta ce kaza, ni na fi karkata ga wannan saboda kaza. Watakila malaminta ya ba ta maki ƙasa da na mai bango mai ƙyalli, ka shirya wa hakan, amma ka ɗauki shafin ka kai wa shugabar makarantar ka tambaye ta cikin lalama wanne ne a cikin biyun yarinya za ta iya tsayawa ta yi bayaninsa.

TAMBAYA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, jikata ce take rubuta min. Ni abin nan tsoro yake ba ni, mu mun tashi yaro ba ya ja da babba. Ƙaninta tunda aka fara musu wannan koyarwa komai aka faɗa sai ya ce ina hujja, rannan kakarsa ta hana shi ƙwai ta ce yaro mai cin ƙwai sata yake yi ya ce mata wa ya gwada. Yau ƙwai ne, gobe fa in ya zo kan maganar addini?
Daga wani dattijo a Kazaure

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma ya ja da kwana. Na fahimci tsoronka kuma ba zan ce babu komai a ciki ba, akwai malaman da suke koya wa yaro tambaya su manta ba su koya masa ladabinta ba, sai ya fito da tsaurin ido yana ganin wayewa ce. Wannan gyaransa a gida yake kuma kai ne ka fi kowa iya shi, ka nuna masa ana cewa Kaka dan Allah a ina kika ji, a kuma zaɓi lokaci ba a gaban baƙi ba, in an ce masa bari sai anjima ya bari. Amma kan ƙwai kam Baba ka yi haƙuri jikanka ne da gaskiya, camfi ne, kuma ƙwai yana cikin abincin da ya fi gina jikin yaro, a roƙar min Hajiya ta riƙa dafa masa.

Maganar addini kuwa ni yaron da ba ya tambaya shi ya fi ba ni tsoro, don duk wanda ya fi iya baki shi zai tafi da shi. Nana A'isha ta yabi matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, Mujahid kuma ya ce mai jin kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi. Ibnul Haisam da aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya yi aikinsa a Alƙahira, da gwaji ya tabbatar haske ne yake shiga ido daga abin da ake kallo, a lokacin da manyan masana da dama suka tafi kan cewa ido ne yake fitar da haske, kuma Musulmi ne mai riƙo da addininsa. Abin da yaro yake buƙata shi ne ya san kowace tambaya da ƙofarta, wata da gwaji ake amsa ta wata da littafi wata sai an je gaban malami, kuma ko a gaban malamin ai ana tambayar a wane littafi yake.

In kana so ka riƙe shi kusa da kai ga wani aiki da za ku yi tare wanda ka fi malamin bokonsa sani. Ku kafa sanda a miƙe a tsakar gida inda rana take samu, ranar da ba makaranta ya riƙa zana alama a ƙarshen inuwar duk bayan rabin awa yana auna tsawonta yana rubutawa da lokacin, kafin nan ka tambaye shi ƙarfe nawa yake zaton inuwar za ta fi gajarta, zai ce sha biyu daidai. Ba haka zai tarar ba, a wajenku da Kano abin yana kaiwa wajen 12:10 a farkon Nuwamba, a Fabrairu kuma har wajen 12:40. Sai ka gaya masa wannan shi ne zawali, inuwa na fara ƙaruwa azahar ta shiga, in ta ƙaru da tsawon sandar kan abin da ta rage a zawali la'asar ta yi, da haka aka riƙa gane lokaci kafin agogo ya yawaita. In ya ci gaba da aunawa wata-wata zai ga inuwar tsakar rana wani lokaci arewa take faɗawa wani lokaci kudu, a Kano wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta ma kusan ɓacewa take yi a gindin sandar.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni ina koyar da CM1, wato aji biyar na firamare a nan Nijar, matsalata yaran in da Hausa ne bakinsu ba ya rufuwa da tambaya da bayani amma da na ce a faɗa da Faransanci sai ajin ya yi tsit. In bar su su yi da Hausa ne? Ina tsoron jarrabawa.
Daga wani malami a Maradi

AMSA: Ƙanena bar su su yi tunanin da gardamar da Hausa, in an gama an gane abin sai ka ba su kalmomin Faransancin guda huɗu ko biyar su rubuta sakamakon da su. Yaron da ya riga ya gane me ya sa tulu yake sanyaya ruwa suna kawai ya rage masa ya koya, wanda bai gane ba kuwa yana kokawa da abu biyu lokaci guda. A Najeriya Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, aka koyar da yara firamare shekara shida da Yarabanci ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ba su gaza 'yan'uwansu ba har a Turancin, a wasu darussan ma sun fi su. Ku ma a Nijar an fara makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973. Akwai kuma wata dabara daga shirin koyar da yara kimiyya mai suna La main à la pâte da Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel a 1992, ya assasa da abokansa a Faransa a 1996, kowane yaro yana da littafin gwajinsa da yake rubuta hasashensa da zanensa da kalmominsa shi kansa, daban da abin da aji ya amince da shi a ƙarshe. Ka raba shafi biyu, hagu nasa ne ya rubuta yadda ya iya ko zane ne kar ka sa masa jan biro, dama kuma na jarrabawa ne shi za ka gyara.

TAMBAYA: Anti ni iyakata aji uku na sakandare aka yi min aure, ɗana ɗan aji uku na firamare ya ishe ni da tambaya, me ya sa kaza me ya sa kaza, rabi ban san amsa ba sai in kore shi. Me zan yi masa a gida?
Daga wata uwa a Jos

AMSA: Maman yaro ki daina korar shi, in ba ki sani ba ki ce zo mu duba, kicin ɗinki ya ishe ku. Ranar da za ki dafa zoɓo ki ɗebi kaɗan kafin ki sa sukari da kayan ƙamshi, ki sirka shi da ruwa ya yi haske-haske ki zuba a fararen kofuna ko 'yan robobi shida. Ɗaya a bar shi ba a sa masa komai, shi ne za a riƙa kwatantawa da shi, sauran a sa wa ɗaya lemon tsami, ɗaya ruwan tsamiya, ɗaya ruwan kanwa, ɗaya tataccen ruwan toka, ɗaya gishiri. Kafin a zuba kowanne ya faɗi abin da yake zaton zai faru ya rubuta ko ya zana. Na lemon da na tsamiya za su ƙara ja, na kanwa da na toka za su juye su yi duhu su karkata zuwa kore, na gishiri kuma ba abin da zai same shi, ki ce masa ya kasa su gida-gida ya faɗa miki me ya haɗa 'yan gida ɗaya. Zai gano masu tsami gefe guda suke. Sai ki ce ya riƙa ɗiga lemon a cikin na kanwar a hankali yana juyawa, jan zai dawo a gaban idonsa, nan sai ki tuna masa ke kanki kanwa kike jefawa in yakuwa ta cika tsami a miya, ya faɗa miki dalili. Gobe shi zai riƙa kawo miki abubuwa a gwada, ruwan omo, nono, sabulu, ki bar shi ya gwada amma ban da ruwan bilicin da fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari, kuma kina tsaye a wajen, in an gama a zubar a wanke kofunan kar ƙannensa su ɗauka na sha ne.